Mutum Bakwai Don Mutum Ɗaya: Inda Ƙungiyoyin Tseren Keke Ke Zubar Da Ƙarfinsu

Duk watan Yuli, da zarar gasar Tour de France ta shiga duwatsu, akwai hoton da masu kyamara ba sa gajiya da ɗauka. Mahaya biyar ko shida masu riga iri ɗaya sun jeru a gaban ayari, kowa ya ja har numfashinsa ya ƙare, ya kauce gefe, na bayansa ya karɓa. Jagoransu na can ƙarshen layi yana jira. Masu sharhi su ce ƙungiya ta nuna iko. A ganina, sau da yawa ɓarna ake kallo. Wannan jeri mutum ɗaya yake yi wa aiki a duk ayarin, wanda ya fi kowa ƙafa a ranar, ko rigar wa ya sa. In jagoranka ba shi ne mutumin nan ba, ka ɗauki yaranka ka yi wa abokin hamayyarka noman gayya ke nan.

Tun 2018 kowace ƙungiya da mutum takwas take shiga manyan gasannin nan uku na mako uku-uku, wato Tour, da Giro ta Italiya, da Vuelta ta Sifaniya. Kafin nan tara ne. Ɗaya ake nema wa nasara, bakwai suna masa hidima, kuma sunan da Faransawa suka laƙaba musu, domestique, ma'anarsa bara. Zango 21 ne, kilomita sama da 3,000, hutu kwana biyu ko uku kacal, kuma wanda ya faɗi ya karye ko zazzaɓi ya kwantar da shi ba a maye gurbinsa. Ƙarfin mutum bakwai ɗin nan guzuri ne ƙidayayye. Abin da aka ci ranar Talata ba za a same shi ranar Asabar ba.

Dalilin da ya sa ake buƙatarsu iska ce. A shimfiɗaɗɗiyar hanya, a gudun kilomita 45 cikin awa, kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da mahayi ke fitarwa wajen keta iska yake tafiya. Wanda ya maƙale a bayan tayar wani ya rage wa kansa kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar. Wanda ya nutse tsakiyar babban ayari ya fi shi morewa nesa ba kusa ba: binciken da Bert Blocken ya jagoranta a jami'ar Eindhoven a 2018 ya nuna iskar da ke tare shi tana iya sauka zuwa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na abin da mai tafiya shi kaɗai ke sha. Amma a hawan da hanya ke tashi mita 8 ko 9 a kowane mita 100, gudu ya sauko wajen kilomita 20, kuma abokin gaba ya koma nauyin jiki da na keke. Jagora mai kilo 65 da ke fitar da wat 6 (wat ma'aunin ƙarfi ne) kan kowane kilo, wat 390 ke nan, babu wanda zai ɗauke masa ko kilo ɗaya. Inuwar da ɗan hidima ke ba shi a wurin kaɗan ce. Wato taimakon ƙungiya ya fi tsoka a fili da cikin kwari, ya fi ƙaranci a kan hawa mai tsini, inda kowa ke son a gan shi a talabijin.

Aikin fili shi ne wanda ba a tafa wa. A ranar da iska ke kaɗowa daga gefe, mafaka ba ta bayan mutum kai tsaye, tana bayansa a karkace. Sai mahaya su jeru kamar matakala daga wannan gefen titi zuwa wancan, kuma faɗin titi ba ya ɗaukar fiye da mutum goma sha wani abu. Duk wanda bai samu gurbi ba ya rage a bakin kwalta cikin layi ɗaya, iska na dukansa sosai, har wani a gabansa ya bar tazarar mita biyu. Mita biyun nan ita ke zama minti ɗaya. A zango na 7 na Tour ɗin 2020, a hanyar Lavaur, haka Tadej Pogačar ya yi asarar minti 1 da daƙiƙa 21. A 2013, a zango na 13, Alejandro Valverde yana na biyu a jadawali tayarsa ta lalace daidai lokacin da iska ta tsinka ayari, ya isa da jinkirin kusan minti goma, damarsa ta cin gasar ta ƙare a fili. Maganin wannan riga-kafi ne. Ana tura mota ta riga ayari ta auna iska, darakta ya faɗa ta oba-oba cewa bayan kaza kilomita hanya za ta karya dama kuma itatuwa za su ƙare, sannan ƙarti biyu ko uku masu kilo 75 zuwa 80 su ɗauko jagora su ajiye shi cikin mutum ashirin na gaba tun kafin a iso kwanar. Duk ƙungiyoyi sun san kwanar, duk suna son gurbin, shi ya sa kilomita goma kafin wurin ake gudu kamar an kusa ƙarshe. Ɗan sirit mai kilo 58 da aka ɗauko don hawa ba ya wannan aikin.

Haka batun keke in ya lalace. Motocin ƙungiyoyi suna bin ayari ne bisa matsayin gwaninsu a jadawali, don haka mai riƙe da rawayar riga, wato wanda ke kan gaba a gasar, motarsa ce ta farko, wanda ke na goma sha takwas kuwa a ƙuntatacciyar hanya zai iya tsayawa fiye da minti kafin bakanike ya iso. Shi ya sa ake ajiye mutum ɗaya mai tsawo daidai da jagora, sirdinsa kusa da nasa, ya zauna a gindinsa a duk wuri mai hatsari. Ranar da aka yi sakaci da wannan an ga abin da ya faru. A zango na 5 na Tour ɗin 2022, mai daɓen duwatsu a wuri 11, sarƙar Jonas Vingegaard ta ba shi matsala. Wanda ke kusa Nathan Van Hooydonck ne, mai tsawon mita 1.93, shi kuwa Vingegaard 1.75. Ya hau keken, mazaunansa ba sa kai sirdi. Ya sauka ya karɓi na Steven Kruijswijk, ya sake sauka ya tsallaka titi ya karɓi nasa daga mota. Abin ya zama kamar wasan yara. Amma dubi yadda aka gyara: abokin ƙungiyarsa Wout van Aert, yana sanye da rawayar riga, ya ja shi tare da sauran har ƙarshen zangon, asarar ta tsaya daƙiƙa 13 kacal a hannun Pogačar. Ba don ƙartin fili ba, da gasar da Vingegaard ya ci a ƙarshe ta kuɓuce masa tun rana ta biyar. Akwai ƙa'idar da ke ba wanda ya faɗi ko kekensa ya lalace a kilomita 3 na ƙarshe lokacin rukunin da yake ciki, kuma tun 2024 ana tsawaita ta har kilomita 5 a wasu zanguna, amma ba ta aiki a zangon da ke ƙarewa kan dutse, ba ta kuma san da wanda abin ya same shi saura kilomita 40 ba.

Sai ciki. A yau jagora na cin giram 90 zuwa 120 na sukari da sitaci a kowace awa, a ruwan gora mai rabin lita, da ƙunshin sukari mai kauri, da wainar shinkafa. Wani ne ke saukowa mota ya cusa goruna shida ko bakwai a riga ya sake keta ayari ya raba. Bisa ƙa'ida ba a karɓar abinci daga mota a kilomita 30 na farko da 20 na ƙarshe sai alƙalan tsere sun sassauta, don haka lissafin tun da safe ake yin sa. Chris Froome ya ji yunwa ta sare masa gwiwa a hawan Alpe d'Huez a 2013, Richie Porte ya koma mota ya karɓo masa abin ci a inda aka hana, aka ci su tarar daƙiƙa 20. Ciniki ne mai riba, domin wanda sukarinsa ya ƙare a kan dutse mintuna yake zubarwa.

To daga ina jerin dutsen nan ya samo farin jini? Daga ƙungiyar Sky, wadda ta koma Ineos, da ta ci Tour sau bakwai cikin shekara takwas, daga 2012 zuwa 2019. Dabarar tana da ma'ana a hannunsu. In aka riƙe gudu daf da iyakar abin da kowa zai iya, wanda ya zabura sai ya ƙetare iyakarsa, ba zai jima ba ya dawo a galabaice. Amma a dubi sharuɗɗan. A 2012 akwai tseren agogo, wanda kowa ke tafiya shi kaɗai, na kusan kilomita 100 jimilla, kuma jagoran Sky, Bradley Wiggins, ya ci dogayen guda biyu. Yana da tazara a aljihu, abin da yake buƙata a dutse kawai kada a ƙwace. Jerin kayan tsaro ne, na mai riƙe da dukiya. Sauran ƙungiyoyi suka ga rawar suka kwaikwaya ba tare da duba wa aka yi wa kiɗan ba. Wani ya yi rawa ya samu kuɗi, wani ya yi ya sha duka.

Jumbo-Visma ta sha nata a 2020. Ta zo da Primož Roglič da ƙungiya mafi ƙarfi a gasar: Tom Dumoulin, Sepp Kuss, Van Aert, Tony Martin, Robert Gesink. Mako uku suna jan ayari cikin tsari. Pogačar, mai shekara 21, wanda biyu daga mahayan dutsensa, Fabio Aru da Davide Formolo, suka fita daga gasar, ya zauna a bayansu ya mori inuwar kyauta. Suka kai zango na 20 Roglič na gabansa da tazarar daƙiƙa 57 kawai, kuma zangon tseren agogo ne na kilomita 36 zuwa La Planche des Belles Filles, inda babu ɗan hidimar da zai yi wa kowa komai. Ya doke Roglič da minti 1 da daƙiƙa 56, ya ɗauke gasar. Ƙungiya ta yi duk abin da littafi ya ce, sai dai littafin na wani ne.

Bayan shekara biyu suka dawo da darasi, kuma zango na 11 na 2022, daga Albertville zuwa Col du Granon, shi ne misali mafi kyau na abin da nake nufi. Vingegaard, mahayin Jumbo, na bayan Pogačar da daƙiƙa 39. Ƙungiyar Pogačar, UAE, ta riga ta rasa mutum biyu saboda korona. Tun da safe Jumbo ta jefa Van Aert da Christophe Laporte cikin masu ɓallewa. Saura fiye da kilomita 60, a saman dutsen Télégraphe, Roglič ya zabura, Laporte da ya dakata yana jira ya ja su, suka raba Pogačar da yaransa. A gindin Galibier, inda hanyar ba ta yi tsini ba kuma bin taya ke da amfani, sai suka shiga yi masa karɓa-karɓa: Roglič ya tashi, Pogačar ya bi, Vingegaard na bayansa a zaune, da ya kamo sai Vingegaard ya tashi. Kowace zabura sai da mai rawayar riga ya biya ta da ƙafarsa, su kuwa rabi-rabi suke biya. Roglič yana fama da kafaɗar da ta goce tun zango na 5, yana baya da kusan minti uku, da Pogačar ya ƙyale shi ya tafi wataƙila da labarin ya bambanta. Sunansa ne ya yi aiki, ba ƙafarsa ba. Aka haye Galibier mai tsayin mita 2,642, aka sauka, aka kama Granon, kilomita 11 da ɗoriya masu tashin sama da kashi 9. Saura kusan kilomita 5 Vingegaard ya tashi, sai Pogačar, mutumin da ba a taɓa ganin ya sare a Tour ba, ya sare. Ya yi asarar minti 2 da daƙiƙa 51. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma sai da yawan ya tilasta wa mai ƙarfin kashe ƙarfinsa awa biyu kafin wurin da ya yi niyya.

Tura mutum gaba ya jira, wannan ita ce dabarar da nake ganin ta fi kowace arha da riba, kuma tana da ƙa'idojinta. Wanda za a tura dole ya kasance can ƙasa a jadawali, in ba haka ba ba za a bar shi ya tafi ba. Dole ya zama mai ƙarfin fili wanda kuma zai iya haye dutse, domin in tazararsa ba ta isa ba jagora zai cim masa tun a tsakiyar hawa, inda ba shi da amfani. Cikin masu ɓallewa ba ya ja da gaske, yana ci yana sha yana tattali. Darakta ne ke riƙe da agogo ya faɗa masa lokacin da zai sassauta, don su haɗu a sama ko a gangara, ga gora ga abin ci a aljihu. In ya tsaya da wuri ya huce, in ya makara jagora ya riga ya ƙone shi kaɗai cikin iska. Kuma taswira ce ke yanke hukunci: sai akwai kwari ko hawa mai sauƙi bayan babban dutsen, in babu an yi asarar mutum.

A Giro ta 2025, zango na 20, duk waɗannan sun haɗu. Simon Yates na Visma, wato tsohuwar Jumbo-Visma, yana na uku, minti 1 da daƙiƙa 21 a bayan Isaac del Toro ɗan Meziko, na ƙungiyar UAE. A kan Colle delle Finestre, kilomita 18 da rabi, takwas na ƙarshe burji, ƙungiyar Richard Carapaz, wanda ke na biyu, ta buɗe wuta tun daga gindi, ta tarwatsa 'yan hidimar kowa. Yates ya yi ta zabura har ya kuɓuce. Van Aert, wanda ya tafi tun safe, ya haye kafin shi, ya jira, ya ɗauke shi a kwarin da ke zuwa Sestriere. A baya Del Toro da Carapaz suka tsaya kallon-kallo, kowa na ƙin jan ɗan'uwansa, kuma babu mai riga irin tasu a gaba. Tazarar da ba ta kai minti biyu ba a saman dutse ta haura minti biyar. Yates ya ci gasar da minti 3 da daƙiƙa 56, a kan dutsen da ya zubar da fiye da minti 38 a 2018 yana sanye da rigar jagora. UAE ta fi Visma mahayan dutse a wannan gasa. Duk suna baya a lokacin da ake buƙatar mutum ɗaya a gaba.

Kada a ɗauki wannan a matsayin izinin tara jagorori. Movistar ta kai Nairo Quintana da Mikel Landa da Valverde Tour a 2018 da 2019, ta ci kambun ƙungiyoyi duka biyun, amma ba ɗayansu da ya shiga ukun farko. A 2019 na 6, na 8 da na 9 suka zo. Uku masu kare matsayinsu ba barazana ba ne ga kowa. Jagora biyu na aiki ne in ɗaya ya yarda a ƙona shi, kamar yadda Roglič ya yarda a Galibier, ko kamar yadda Fränk Schleck, yana sanye da rawayar riga a 2008, ya zauna ya tsare Cadel Evans yayin da abokinsa Carlos Sastre ya tafi a Alpe d'Huez. In ba a yanke wannan magana a ɗaki ba, a kan hanya za a yanke ta gaban duniya, kamar yadda aka gani a Vuelta ta 2023 lokacin da Roglič da Vingegaard suka bar Kuss, abokinsu mai riƙe da jar rigar jagoran gasar, a kan Angliru. Sun tsira ne kawai don babu wani na waje da ke kusa.

Mai musu zai ce duk wannan surutu ne, tunda Pogačar ya ci Tour ta 2024 da tazarar minti 6 da daƙiƙa 17, ta 2025 da minti 4 da daƙiƙa 24, duk da Visma ta gwada dabaru iri-iri. Gaskiya ne, akwai tazarar ƙafa da dabara ba ta cikewa. Amma a dubi inda aka yi babbar asarar 2025. A zango na 12 Visma ta koma tsohon hali, ta matsa gudu a kan Soulor don ta gajiyar da shi, sai nata mutumin, Matteo Jorgenson, ya fara sarewa. A gindin Hautacam Jhonatan Narváez ya yi wa Pogačar ja ɗaya mai zafi ya sake shi, ya ɗora wa Vingegaard minti 2 da daƙiƙa 10 a hawa guda. Kusan rabin tazarar gasar ke nan, kuma wahalar da aka shirya masa a kan masu shiryawa ta sauka. Idan dabarar kwanto na ba ka dama ɗaya cikin goma, jerin dutse a gaban wanda ya fi ka ba ya ba ka ko ɗaya.

Akwai kuma dalilin da ba na kan keke ba. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, na raba lasisin babban rukuni ga ƙungiyoyi 18 bisa makin da suka tara cikin shekara uku, kuma na shida a Tour maki ne mai yawa da za a nuna wa mai ɗaukar nauyi. Daraktan da ya tura mutum biyu gaba ya sa jagoransa ya zabura saura kilomita 60 yana iya wayar gari na goma sha biyar. Wanda ya jera yaransa ya yi ta ja a gaba zai ƙare na shida, rigarsa ta sha kyamara awa biyu, babu mai zarginsa. Ban ga laifin ƙaramar ƙungiya da ke neman tsira ba. Waɗanda nake zargi su ne masu kuɗin da suka ce nasara suka zo nema, sannan suka cika takwas ɗinsu da mahayan dutse biyar masu kama da juna.

Da ni ke zaɓe wa jagoran da ke na biyu ko na uku a ƙarfi, mahayan dutse biyu sun isa, ɗayansu a kiyaye shi kada ya zubar da lokaci a makon farko don ya zama abin tsoro a na uku. Uku su zama ƙartin fili, cikinsu har da dattijon da ke karanta hanya ya yanke shawara in oba-oba ta ɗauke a cikin kwazazzabo. Biyu su zama masu iya komai, waɗanda za a riƙa turawa gaba, ɗayansu kuma mai tsawon jagora. Ɗan gudun ƙarshe mai neman zangon fili ya zauna gida, domin yana cin gurbi biyu, nasa da na mai jansa. Sannan a yi yarjejeniyar kuɗi tun kafin a tashi. Ladan wanda ya ci Tour Yuro 500,000 ne, kuma al'ada ita ce ya raba wa mahaya da ma'aikata, amma al'adar ba ta ce komai game da mutumin da aka umarta ya taka birki yana daf da cin zangon da zai ninka albashinsa a kwantiragi na gaba. Wannan sai an rubuta masa.